Ɗanɗanawa Ce Kawai, Ana Tofarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai suturta bayinsa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka, Malam Isiyaku na Gatawa, wanda halin zamani ya zaunar da shi Sabon Birni, zuwa ga ɗansa Nasiru. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗan da ya yarda da shi. Ina roƙon Allah ya tsallakar da kai wagga hanya tamu da kowa ya san halinta, ya rufe idon azzalumai daga motar da ka shiga, ya sauke ka Abuja cikin aminci.

Bayan haka, wagga takarda da hannuna na rubuta ta, da bokon da na koya da girma, saboda haka ka yi haƙuri da karkatar baƙaƙen. Da ajami ne da na fi sakewa, amma na san karatunsa yana ba ka wuya, kuma ba magana ce da za ni iya shibta wa wani ya rubuta mani ba. Na sa ta cikin jakarka, ƙarƙashin dardumar salla. Ka karanta ta kai kaɗai.

Shekaranjiya bayan la'asar mahaifiyarka tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ta ce da ni: “Malam, ashe a otal ɗin da anka ɗauki Nasiru, kowane sabon kuku sai an koya masa giyar inabi, wai don ya san wadda ta dace da kowane abinci. Ni dai hankalina ya tashi, amma ya ce in kwantar da shi. Ya ce, Inna, ba sha ake yi ba, ɗanɗanawa ce kawai, ana tofarwa.” Ta faɗi haka tana murmushi, ta ci gaba da tsintarta. Ni kuwa butar da ke hannuna ta suɓuce. Ta ce mi ya same ni, na ce jiri ne. Ba jiri ba ne, Nasiru. Wagga magana da ka faɗa wa mahaifiyarka, ni na riga ka faɗinta, fiye da shekara arba'in da sunka wuce, kuma har yau ban gama ganin abin da ta haifa ba. Babu wanda ya san wanga labari cikin gidanmu. Kai ne na farko.

Ka san kana da harshe. Tun kana yaro kake rarrabe furar geron jigawa da ta geron fadama, kuma in mahaifiyarka ta ari daddawa daga maƙwabta sai ka ture kwanon ka ce miyar ba tamu ba ce. Mutane suna dariya suna cewa ina ka samo wanga abu. Wurina ka samo shi. Ina ƙarami, in Fulanin Kurawa sunka kawo nono, ni kakarka take kira in ɗanɗana, in faɗa mata wanda anka tsuga wa ruwa da wanda ya kwana biyu. Baiwa ce, ba ni musun haka, da ita kuma ka zama kuku. Amma ta nan aka shigo mani, ina kuma tsoron ta nan za a shigo maka.

Wata shekara damina ta ƙi, rumbuna sunka bushe tun kafin tsakiyar rani. Lokacin na sauke Alƙur'ani, na yi nisa cikin littattafan fiƙihu gaban kakanka. Na bi fatake zuwa Maraɗi cin rani, daga can mota ta kai ni Yamai. Na samu aikin wankin kwanoni a gidan abincin wani Bature da ma'aikata suke kira Mai Lofe, don ba a ganinsa babu lofen taba a baki. Wanda ya shigar da ni babban kukun gidan ne, Illo, mutumin Kurawa. Tsagen Gobir ya gani a fuskata, ya ce ɗan gida ba zai kwana tasha ba yana garin. Ya girme ni da kamar shekara goma. Bai yi karatu ba, gajerun surori kawai ya riƙe, amma shekararsa tara cikin gidan nan kwalabe suna kewaye da shi, ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. Yana kirana Alaramma, rabi wasa rabi girmamawa.

Kuskurena na farko son yabo ne. Wata rana Illo ya haɗa miyar man shanu, ya miƙo mani cokali don tsokana. Na ɗanɗana na ce man nan ya kwana kusa da kifi. Mai Lofe yana tsaye. Ya sa anka duba, sai ga shi haka ne. Ya cire lofen daga bakinsa, ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce da Hausarsa ta koyo: “Wanga yaro, bakinsa zinariya.” Nasiru, shekara nawa ina karatu gaban kakanka, bai taɓa ce mani madalla ba; in na yi daidai shiru yake yi, in na yi kuskure ya gyara. Sai ga baƙo ya yaba ni gaban mutane. Kwana uku ina jin maganar nan tana yi mani daɗi kamar zuma. Daga ranar duk abin da zai sa ya sake faɗinta ina nemansa. To ka kiyayi wanda ya fara yaba harshenka a wurin nan. Ba ni cewa mugu ne. Mai Lofe ba mugu ba ne, bai taɓa tilasta ni ga komi ba. Amma yabo yana sassauta mutum ta inda tsawa ba ta iyawa. In an yaba ka, ka ce alhamdu lillahi a zuci, ka koma kan tukunyarka.

Ba a yi wata ɗaya ba ya kira ni da hantsi, kafin baƙi su fara zuwa. Ya jera kofunan gilashi uku bisa farin ƙyalle, ya ajiye ɗan bokiti a gefe. Ya ce yana son in riƙa gaya wa baƙi giyar da za ta dace da abin da sunka zaɓa. Na ce ni Musulmi ne, ba ni sha. Ya yi dariya ya ce shi ma ba ya sha a bakin aiki. Ya nuna mani: a ɗaga kofi a dubi launi, a juya shi a hankali, a shinshina, a kurɓi kaɗan, a zagaya da ita cikin baki, a ja iska ta tsakanin haƙora, sannan a tofar cikin bokiti. Na ce a'a. Ya ce babu komi, in yi tunani.

Da na tsaya kan a'ar nan da ba ka karanta wagga takarda ba. Amma na yi tunanin, kuma da karatuna na yi shi. Wanga shi ne kuskurena na biyu, kuma jahili ba ya iya yinsa, sai ɗalibi. Na tuna mas'alar mai azumi da ya ɗanɗana gishirin miya ya tofar: in babu abin da ya wuce maƙogwaronsa, azuminsa yana nan, babu ramuwa a kansa. Sai na ce wa kaina, ashe ke nan ɗanɗanawa dabam, ci da sha dabam. In ɗanɗanar miya ba ci ba ce, to ɗanɗanar giya ba sha ba ce. Na ji daɗin wanga ƙiyasi ƙwarai, har na ga kamar na gano abin da ya ɓuya ga manyan malamai.

Ka san inda ya karye, kai ma ka zauna gabana ka ji. Miya halas ce, mai tsarki ce, lokaci ne kawai ya hana ta, da rana ta faɗi sai a ci. Giya kuwa haramun ce a kan kanta, najasa ce a mazhabarmu, babu faɗuwar ranar da take halatta ta. Ita ma ɗanɗanar mai azumin makaruhi ce, ba abin nema ba. Kuma hanin bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai ɗauka da mai zubawa da mai miƙawa. Duk wannan na san shi ranar nan kamar yadda na san shi yau. Ban manta ba, kau da kai na yi. Saboda haka ka riƙe wagga: duk mas'alar da ranka yake da rabo cikinta, kada ka zama mai ba kanka fatawa. In ka ga hujja ta zo maka da sauƙi, ta kuma yi daidai da abin da kake so tun farko, ka ji tsoronta.

Yanzu za ni faɗa maka abin da malamai ba su faɗi a wa'azi, don galibinsu Allah ya tsare su ba su sani ba. Suna cewa abu ne mai ɗaci mai wari. Ni ba za ni yi maka ƙarya ba, domin in ka ɗanɗana ka tarar ba haka ba ne, za ka ce sauran maganata ma ƙarya ce. Kurɓin farko babu daɗi, gaskiya ne. Amma harshe irin namu ba ya daɗewa bai gane ba.

Giyar iri biyu ce, fara da ja. Farar ana sanyaya ta. Tana da ɗan tsami mai kaifi kamar na lemun tsami, wata da ƙamshin gwaiba sabuwar tsinka, wata da ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ita ake kawowa da kifi. Akwai giwan ruwa da masunta suke kawo mana daga kogin Kwara, Illo ya gasa shi da man shanu. In ka bi lomar da farar, ƙarnin yana ɓacewa, zaƙin naman kifin ya fito fili. Jar kuwa ba a son ta yi sanyi sosai, buɗe ta ake yi a bar ta ta sha iska. Tana da bauri irin na goro, mai kama dasashi, ita kaɗai tana da nauyi a baki. Amma in ta haɗu da gasasshiyar cinyar rago ko zabo, baurin yana wanke maiƙon, maiƙon yana tausasa baurin, kowace loma ta koma kamar ta farko. In ka yi kuskure ka haɗa ja mai nauyi da kifi, bakinka zai yi kamar ka lashi tsatsar ƙarfe. Abinci mai yaji kuma fara mai ɗan zaƙi yake so, don ja tana ƙara masa zafi. Cikin wata huɗu na san duk wannan. Ina shinshina kofi in faɗi kwalbar da anka zubo shi. Baƙi suna tambayata da suna.

Ka dubi yadda na rubuta maka shi tiryan-tiryan, ban tsaya tunani ba, ni da nake manta inda na ajiye tabarau. Ina neman gafarar Allah a kan rubuta shi, ban kuma rubuta don in kwaɗaitar da kai ba. Na rubuta ne don ka san cewa na san abin da nake hana ka, ciki da waje.

Kuskure na uku shi ne wanda nake tsoron tsayuwa da shi gaban Ubangiji. Illo yana ganina da kofi, kullum sai ya tsokane ni.

“Alaramma, yau kuma wane babi anka karanta cikin kwalba?”

“Babin da ba ka kai ba,” in ce masa.

“Allah shi kiyashe ni kaiwa. Ni jaki ne, bar ni da ciyawata.”

Ana nan sai Mai Lofe ya ce zai faɗaɗa gidan, kuma kukun da bai san giya ba ba zai iya riƙe babban kicin ba. In Illo ba zai koya ba, za a ɗauko wani daga bakin teku a ɗora bisa kansa. Ran nan bayan azahar Illo ya same ni a bayan kicin inda muke salla. Babu wasa a fuskarsa. Ya zauna ƙasa, ya bar mani tabarma, shi da ya girme ni.

“Malam,” ya ce. Ranar ce ya fara kirana Malam. “Ni ban yi karatu ba. Kai ɗan malamai ne. Wanga abu da kake yi, tsakaninka da Allah, ya halatta?”

Na gyara zama. Na kawo masa mas'alar mai azumi, har da Larabcinta, don ya ji nauyinta. Ya saurara yana kallon yatsun ƙafarsa.

“Shekara tara ina tsare bakina,” ya ce. “In ka ce babu laifi, kai ka ɗauka?”

Na ce: “Na ɗauka.”

Kalma biyu, Nasiru. Na faɗe su da sauƙi kamar mai amsa sallama. Ba don na tabbata na faɗe su ba. Na faɗa ne don in na ce haramun ne, to ni mi nake yi ke nan? Na gwammace mu zama mu biyu.

Illo bai yi mako guda yana tofarwa ba. Na gan shi ya haɗiye, na ce: “Kai, ba haka munka yi ba.” Ya goge baki ya ce: “Haba Alaramma, abin da ya riga ya shiga ɗaki, mi ya rage don ya hau gado? Tsakanin harshe da maƙogwaro ko taki ɗaya babu.” Na yi masa faɗa a matsayin mai ilimi. Amma shi ya fi ni gaskiya. Ni ma ban cika wata shida ba. Wata rana da rana tsaka, an rage kifi a faranti da rabin kofin fara mai sanyi, ana zafin nan na Yamai, na kurɓa don in tofar, sai na ga bokitin yana can nesa. Ban tashi na ɗauko shi ba. Iyakar abin da ya faru ke nan. Babu Shaiɗan da ya bayyana gare ni, babu wanda ya ja hannuna. Bokiti ne ya yi nisa.

To ka sani, inda za ka je akwai yaran Musulmi irin Illo, daga ƙauyuka irin namu. Da sun ji kai ɗan limami ne, idonsu yana kanka. Ba sai ka yi magana ba. Ranar da ka ɗaga kofi, ka ba su fatawa ke nan, ko ka so ko ka ƙi. Kada ka taɓa ce wa ɗan Adam ka ɗaukar masa. Naka ma ba ka san nauyinsa ba.

Abin da ya fitar da ni daga gidan nan ba wa'azi ba ne. Wata Juma'a na shiga sahu kusa da wani tsoho da ban sani ba. Na kurkure baki, na ci goro, na ɗauka na ɓoye. Kafin a tada salla ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce a hankali: “Ɗana, je ka sake riga, akwai sauran lokaci.” Bai ɗaga murya ba, bai ko dube ni ba. Na duba hannun rigata, sai ga ɗigon ja guda biyu. Na fita ta tsakanin sahu ina jin kamar kowa ya sani. Ban koma na samu sallar ba. Cikin makon na bi motar albasa zuwa Maraɗi.

Nan ma na yi kuskure na huɗu: ni kaɗai na tuba. Na ce wa Illo mahaifina ne ba shi da lafiya. Ya raka ni tasha, ya ƙunsa mani gasasshen nama na ci a hanya, ya ce in gaida mutanen Kurawa. Mun tsaya tare kusan awa guda muna jiran mota ta cika. Sau uku ina buɗe baki in ce masa, Illo, abin da na faɗa maka ba haka yake ba. Sau uku girman kai yana rufe shi. Na tsere daga gobarar da na kunna, na bar mai gidan yana barci a ciki. In ka taɓa ɓatar da wani, ko da kalma ɗaya ce, kada ka bar wurin sai ka warware ta da bakinka, komin kunyar da za ka ji.

Na dawo Gatawa na tarar da kakanka lafiyarsa ƙalau. Ya dube ni ya ce na yi ƙiba. Da magariba ta yi ya ce in shige gaba, yana son ya ji ko birni ya ci mani karatu. Na shige gaba, Nasiru, na ja mahaifina salla da bakin nan. Da anka sallame ya ce, “Madalla.” Ita ce madallar da na jira tun ina yaro, ta zo ranar da ban cancance ta ba. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, ban taɓa faɗa masa ba. Na ce ina suturta kaina ne, kuma sutura abin so ce. Amma da na faɗa masa, da ya tura ni Yamai na koma wurin Illo tun da sauran dama. Shirun da na yi ya tsare mutuncina, bai tsare Illo ba. Saboda haka nake roƙonka, in ƙafarka ta zame, ka faɗa mani. Ba za ni tsine maka ba. Wa ya fi ni sanin yadda ake zamewa?

Na sake ganin Illo sau ɗaya. Lokacin an riga an ba ni limanci, na je Maraɗi sayen littattafai. A bakin tasha wani ɗan dako ya kira ni: “Alaramma!” Ban gane shi ba sai da na ga tsagen. Ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rawaya, hannun nan da yake yanka albasa kamar walƙiya yana karkarwa. Ya ce an daɗe da korarsa, matarsa ta koma gidansu da yara. Yanzu ba ja ba fara, duk abin da ya samu a bayan tasha shi yake sha. Ya dubi rawanina ya yi dariya.

“Ka ga malamai! Har yanzu dai kana tofarwa?”

Na kama hannunsa na ce: “Illo, ka yafe mani. Abin da na faɗa maka ƙarya ne. Bai halatta ba, bai taɓa halatta ba.”

“Na sani,” ya ce. “Tun ranar na sani. So nake in ji daga bakin mai karatu.” Ya zare hannunsa a hankali. “Amma ka ce ka ɗauka. Ni dai a kanta nake kwana. Kana nan ɗauke da ita ko?”

Na ce ya biyo ni gida, ya ce da wace fuska zai shiga Kurawa. Mota ta yi ham, ya ruga wajen wani buhu. Damina mai zuwa labarin rasuwarsa ya iso. Na san babu mai ɗaukar laifin wani, na kuma san wanda ya ɓatar yana da nasa kason. Tun daga lokacin babu sallar da na yi ban sa sunansa cikin addu'a ba, kuma babu ranar da na tabbata an karɓa.

Akwai sauran abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni tsoro a kanka. Na bar giya, ita ba ta bar ni ba. Ba kwaɗayinta nake yi ba, Allah ya raba ni da wannan. Amma harshe ba ya mantuwa. Duk Layya, in an miƙo mani tsokar rago mai maiƙo, ina sa ta a baki, kafin in gama bisimilla wani abu cikina ya riga ya faɗa mani wace ja ce ta dace da ita. In an kawo kifi daga gulbi haka. Ina zaune cikin almajiraina da rawani, ana ganin dattijo yana cin abinci, ni kuwa ina istigfari tsakanin loma da loma. Wata shida na yi ina koyo, shekara arba'in ban goge ba. Ina kuma tunanin ranar da za a kewaye ni ana laƙƙana mani kalmar shahada, hankali ya tafi, harshe ya rage shi kaɗai da abin da ya saba. Wallahi ina tsoron abin da zai tuna. Ba ni son ka tsufa da irin wanga tsoro.

Ga abin da nake so ka yi. Ranar da ka isa, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka nemi shugaban kicin ka faɗa masa da ladabi cewa kai za ka dafa duk abin da yake halas, za ka riga kowa zuwa ka bi bayan kowa tashi, amma ba ka ɗanɗana giya, ba ka zuba ta, ba ka ɗaukarta, ba ka sa ta cikin miya. Ka faɗa ranar farko, don a'a ta ranar farko ita ce mai sauƙi. Ta rana ta goma sai da dalili, ta bayan wata guda kuwa ba ta fitowa. Kada ka yi gardamar addini da kowa, kada ka raina abokan aikinka da ba addininku ɗaya ba, su ba su yi maka laifi ba. In sun ce to shinshinawa kawai, ka ce a'a. Ni ma daga launi na fara.

Mai yiwuwa su karɓe ka a haka, mai yiwuwa su ce ka tafi. Na san mi ke nan in sun ce ka tafi. Na san shekara nawa ka yi kana neman wanga aiki. Na san gonarmu ta Gatawa damina uku ke nan ba mu taka ta ba, na san yaran da anka ɗauke a hanyar Gangara, na san dalilin da ya sa mahaifiyarka take son ka yi nisa da nan ko da za ta yi kewarka. Ni ma ina so. In na ji ƙarar babura da yawa gabana faɗuwa yake, in ƙirga 'ya'yana. Na auna tsoron nan biyu, na gidan da na can, na daɗe ina aunawa, kuma ba da sauƙi nake faɗin wannan ba: in sun ƙi, ka bar musu aikin. Kada ka taho nan, ka wuce Sakkwato wurin baffanka, ka toya ƙosai a bakin titi in ta kama, har Allah ya buɗa wata ƙofa. Mutanen daji abin da za su iya yi maka yana da iyaka. Wancan kofin kuwa na ga inda ya kai Illo, ban kuma ga iyakarsa ba.

Yanzu ka san ko wane ne ubanka. Na zubar da girmana gabanka da hannuna, don ba ni da wani abin da ya fi shi tsada da za ni ba ka guzuri. In ka dawo ka ji zuciyarka ba ta natsu ka yi salla bayana ba, kada ka tilasta mata, ba za ni yi fushi ba. Ka shige gaba da bakinka mai tsarki, ni in bi ka. Babu abin da nake roƙon Allah ya nuna mani kafin in mutu kamar wannan.

Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, ya tsare abin da ke shiga bakinka da abin da ke fita daga cikinsa. Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokai masu tsoronsa. Ya kawo mana ƙarshen wanga bala'i a ƙasar Gobir, ya maida kowa gonarsa. Ya jiƙan kakanka, ya jiƙan Illo ya yafe masa, ya yafe wa wanda ya ba shi fatawa. Na ba Allah ajiyarka, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Isiyaku